Kwaikwayo ba bauta ba ne

Wata magana ta zama ruwan dare a tarukan ƙungiyoyinmu na al'adu: wai matashin da ya duƙufa wajen harhaɗa ampili irin na da, mai aiki da fitilun gilashi, domin ƙara sautin jita, ɗan koren Turawa ne kawai. Mai wannan hukunci bai san tarihi ba, har da na garinsa.

A 1962, a birnin Landan, Jim Marshall da ma'aikatan kantinsa na kayan kiɗa suka buɗe ampilin Fender Bassman na Amurka, suka kwafi tsarin wayoyinsa. Da yake ba su sami dukkan kayan asali ba, sai suka sa abin da ke hannu: wata fitila daban a mashigar sauti, da lasifikokin Ingila cikin rufaffen akwati. Sauti ya fito da wani gurnani da ba a saba ji ba, duniya ta karɓe shi da sunan JTM45. Wa ya taɓa kiran Marshall bawan Amurka?

Mu dawo gida. Ba a Damagaram aka ƙirƙiro igwa ba, amma a zamanin Sarki Tanimun maƙeran Zinder sun gani, sun auna, sun ƙera tasu. Muna alfahari da su a aji, sannan mu raina jikokinsu masu gyaran rediyo a kasuwar Dole!

Masu suka na cewa taranzisto, wanda aka ƙirƙiro a 1947, ya daɗe da ture fitila. Haka ne a kasuwa. A makaranta kuwa akasin haka ne. Tsohon ampili da hannu ake haɗa shi, zanensa shafi ɗaya ne, kowace waya ido na ganinta. Ɗalibi zai taɓa dokar Ohm da yake haddacewa ba fahimta. Na'urar zamani kuwa, in ta mutu sai juji.

Akwai haɗari, domin wutar cikinsa takan wuce volt 400, tana iya kisa ko bayan an kashe shi. Wannan hujja ce ta samar da malami. Hani ba ya koya wa kowa kome.

Saboda haka, ya ku ƙungiyoyi, ku haɗa mai gyaran rediyo da malamin kimiyya a ɗaki ɗaya, mu kuma malaman Hausa mu raɗa wa kowane sashe suna. Al'ummar da ba ta iya buɗe na'ura, saye za ta yi ta yi har abada.