Wa Ya Cancanci Gurbi a Bangon Majami'a?

Duk wanda ya shiga majami'ar St Mary Redcliffe da ke birnin Biristol na ƙasar Ingila zai tarar da tarihin garin a jikin bango da ƙasan daɓe. Akwai ƙananan ɗakunan ibada a sasanninta, da kaburbura, da allunan tunawa da mamata. Attajiri William Canynges, wanda ya riƙe magajin gari har sau biyar kafin ya rasu a 1474, siffofinsa biyu ne aka sassaƙa: ɗaya cikin kayan fatake, ɗaya cikin kayan limamin coci, domin a ƙarshen rayuwarsa ya bar kasuwanci ya koma hidimar addini. Can sama kuma an rataye sulken Sir William Penn, shugaban sojan ruwan da ya jagoranci jiragen da suka ƙwace Jamaika daga hannun Sifaniyawa a 1655.

Sai dai mai lura zai gane cewa bangon bai san talaka ba. Matuƙan jirgi da 'yan dako da suka tara wa waɗannan mutane dukiya ba su da ko ɗan allo. Bayin da aka kwasa daga gaɓar Afirka ta Yamma kuwa, a da ba a ma zancensu.

Wannan ne ya sa rigimar tagar Edward Colston ta zama abin dubawa. Colston, wanda ya rasu a 1721, jigo ne a kamfanin Royal African Company mai fataucin bayi, kuma ya yi wa Biristol kyauta mai yawa. A watan Yuni na 2020, bayan masu zanga-zanga sun tumɓuke mutum-mutuminsa sun jefa a ruwa, majami'ar ta cire gilasan tagar da ke ɗauke da sunansa. A 2023 aka maye gurbinsu da sababbi, ɗaya daga ciki yana tuna ƙaurace wa motocin haya da aka yi a garin a 1963 saboda wariyar launin fata.

Wasu sun ce an goge tarihi. Wannan hujja ba ta da ƙarfi. Tagar ba kabari ba ce, ba kuma shaidar zamanin Colston ba ce. Mutanen ƙarni na 19 ne suka kafa ta don yabo, kusan shekara 150 bayan mutuwarsa. Wanda ya yi yabo yana da ikon janye shi, balle a wurin da jikokin bayi suke zuwa ibada.

Sulken Penn kuwa hukuncinsa daban ne. Kayan zamaninsa ne, kuma a wannan majami'a aka binne shi a 1670. Sauke shi ba zai amfani kowa ba. Abin da ya dace shi ne ya zauna inda yake, tare da rubutu a ƙarƙashinsa da zai faɗa wa mai ziyara abin da Jamaika ta zama bayan 1655: gonakin rake da bayi suka nome.