Darasin wata: Tsuntsu ma malamin lissafi ne



Wanda bai iya lissafi ba, shi ake cuta a kasuwa. Mai tattasai a bakin Komadugu ya sani, mai kai rago kasuwar Difa ma ya sani. Saboda haka mu fara koya wa yaranmu ƙidaya tun suna ƙanana. Ba sai da allo ko littafi ba. Tsuntsaye sun isa.

A Sayam Foraj, inda gwamnati take kiwon shanun Kuri, balbela ba ta rabuwa da garke. Ka ce wa yaro ya ƙidaya su. Balbela 4 suna ƙasa, 3 sun sauko. Nawa ke nan? 7. Wannan shi ne tarawa. Saniya ta motsa, 2 sun tashi. Saura nawa? 5. Wannan shi ne ɗebewa. In ya rikice, kada a daka masa tsawa. A ba shi tsakuwa, kowace tsakuwa balbela guda, ya sake.

Uwa ma tana da nata darasi a cikin gida. Ƙwan kaza kwana 21 yake yi kafin ya ƙyanƙyashe, na zabuwa wajen kwana 28. Ranar da kaza ta kwanta, a ba yarinya ƙwarya. Kowace safiya ta jefa tsakuwa guda. Da kanta za ta gane mako 3 kwana 21 ne.

Da yamma a sa yara su ƙidaya zabi in sun dawo. An saki 12, an ga 11. Guda ta ɓace, a nema tun shaho bai ɗauke ta ba. Yaron da ya saba da wannan, gobe shi zai ƙidaya shanu ranar allura.

Daga nan sai kuɗi. Dala guda tamma 5 ce, dala 200 jika guda. A ce an sayar da zabi 3, kowace jika 2. Jika 6 za a karɓa, ba 5 ba.

Ga tambayar wannan wata: shanu 3 da balbela 5, ƙafafunsu nawa? Ku bar yara su nemo da kansu. Amsa tana cikin jarida mai zuwa.

Allah ya raya mana su, amin.