In Waya Ta Yi Ƙara Cikin Aji

 Maganata ta wannan mako a kan yaro mai ciwon sukari ce.

Tun da aka gano maganin insulin a Kanada cikin 1921, irin waɗannan yara suke rayuwa har su girma. Yanzu kuma akwai wata 'yar na'ura da akan manna wa yaro a damtse, tana awon sukarin jininsa dare da rana, tana kai wa wayar hannu labari.

To, ga roƙona. In wayar ta yi ƙara cikin aji, kada malam ya ƙwace ta, ya ce wasa ne. In awo ya sauka ƙasa da 70, ko yaron ya kama gumi da makyarkyata, a ba shi sukari cokalin shayi biyu ko uku cikin ruwa, a sake dubawa bayan minti 15. Kada a tura shi gida shi kaɗai. In ya suma, kada a ɗura masa kome, sai asibiti maza.

Yaron nan amana ne a hannunmu. Allah ya ba mu ikon riƙewa, amin.