Gyaran Gangar Auzinawa: Wa Ya Ba Burauza Izinin Sabunta Kanta?

A shagunan kwamfuta na Gusau, daga Tudun Wada zuwa Sabon Gari, akwai ƙorafin da kowane mai gyara ya haddace: jiya lafiya lau aka kashe ta. Da safe an tayar da janareto, an kunna na'ura, an danna burauza, sai allo ya yi fari fat, ko shafi ya buɗe ya daskare, ko kuma manhajar ta fito kamar yau aka girka ta, babu adireshin shafukan da aka adana, babu kalmomin sirri. Ba wanda ya taɓa komai. Burauzar ce ta sauko da sabon zubinta a ɓoye, da datar mai shago, ta kuma ɗora shi da aka sake kunnawa. A bakin ƙofa kuwa ga ɗalibin da ke jiran a fitar masa da takardar JAMB, ga wata da ke son biyan kuɗin makaranta ta Remita kafin a rufe shafin Jami'ar Tarayya ta Gusau.

An saba ɗora laifin a kan mai shago. A ce na'urarsa ta tsufa, a ce bai iya aiki ba, a ce me ya hana shi sayen sabuwa. Wannan hukuncin wanda ya ƙoshi ne a kan mai jin yunwa. Kamfanin da ya ba kansa ikon shiga kwamfutar mutum ba sallama, ya sauya mata kaya, wajibi ne a kansa ya bar wa mutumin hanyar komawa inda yake jiya idan sabon kayan bai karɓe shi ba. Masu yin burauza sun san da wannan hanya, sun ma gina ta. Sai dai ba a gina ta domin mai shago a Bungudu ba.

A fara da saurin da abin ke tafiya. Da can, Google na fitar da sabon zubin Chrome duk bayan mako 6. Daga zubi na 94, wanda ya fito a Satumban 2021, sai ya mayar da shi mako 4. Mutanen Zamfara ba za su manta da wannan wata ba, amma ba don Chrome ba. A ranar 3 ga Satumba ne Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya su katse layukansu a faɗin jihar bisa buƙatar gwamnatin Bello Matawalle, da nufin toshe wa 'yan bindiga hanyar sadarwa. Gusau ta samu sabis a farkon Oktoba, sauran garuruwa irin su Tsafe da Bungudu sai ƙarshen Nuwamba. Ranar da aka katse layin, Chrome na kan zubi na 93. Ranar da ya dawo wa ƙananan hukumomi, ya kai 96. Wato zubi uku suka wuce yayin da mutane ke niƙar gari zuwa wasu jihohi don su aika saƙo guda. Da sabis ya dawo, duk kwamfutar da aka haɗa da intanet ba ta tambayi mai ita ko yana da gaggawa ba. Windows ta kama zuƙar nata bashin, burauza ta kama nata, a kan 'yar datar da aka saya don aikin mutane.

Tsarin sabuntawa na atomatik an zana shi ne a kan zato uku: intanet ba ya yankewa, wuta ba ta ɗaukewa, na'ura kuma ba ta wuce 'yan shekaru ba. Babu ko ɗaya da ya tsaya a Zamfara. Wutar da Kaduna Electric ke rabawa tana iya tafiya ana tsaka da ɗora sabon zubi, janareto na iya shaƙewa, sai a tashi da manhajar da rabinta sabo rabinta tsoho. Na'urorin kuwa galibinsu na hannu ne, waɗanda wani ofishi a Turai ko Amurka ya gama da su kafin su biyo ta Legas da Kano su iso Gusau.

Su waɗannan na'urori ake ta yanke wa igiya ɗaya bayan ɗaya. Microsoft ya daina kula da Windows 7 a ranar 14 ga Janairun 2020. Chrome 109, na Janairun 2023, shi ne zubi na ƙarshe da ke aiki a kan Windows 7 da 8.1. A ranar 14 ga Oktoban 2025 aka rufe babin Windows 10, ita kuma Windows 11 tana neman wani guntun tsaro mai suna TPM 2.0 da ƙwaƙwalwar sarrafawa ta baya-bayan nan, abin da dubban kwamfutoci masu lafiya ba su da shi. Na'urar ba ta lalace ba. Tana buga wasiƙa, tana fitar da sakamakon WAEC da NECO, tana ciyar da gida. A wani ɗakin taro mai nisa aka yanke cewa kwananta ya ƙare.

Masu kare kamfanonin suna da hujja, kuma ba ƙaramar hujja ba ce. Burauza ita ce ƙofar da ɓarayin intanet suka fi bi, kuma wadda ba a sabunta ba ƙofa ce marar sakata. A Satumban 2023 an gano wata ɓaraka a yadda ake karanta hotuna masu tsarin WebP, wadda ta shafi Chrome da Firefox da Edge baki ɗaya, har an riga an fara amfani da ita wajen kutse. Buɗe hoto kaɗai ya isa a cutar da mutum. Shagon da ke shigar da lambar NIN ɗin jama'a da bayanan katin bankinsu ba shi da hurumin zama da irin wannan rami. Duk wanda ke ba masu shago shawarar su kashe sabuntawa gaba ɗaya su huta, guba yake ba su a cikin zuma.

Amma wannan hujja ta toshe ɓaraka ce kawai. Ba ta halatta a ƙulle facin tsaro da sauyin fasali da sababbin kayan ado a ƙunshi guda, a ce ko ka haɗiye duka ko ka zauna tsirara ba. Misali na kusa shi ne abin da Google ya yi wa manhajojin toshe talla: daga ƙarshen 2024 ya fara kashe ƙarin manhajojin da aka gina a kan tsohon tsari, ciki har da uBlock Origin. Ga mai intanet marar iyaka, wannan ɗan ɓacin rai ne. Ga wanda ke sayen data da awo, bayan NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari na kuɗin kira da data a Janairun 2025, kowane tallan bidiyo da ya buɗe kansa kuɗi ne ya fita daga aljihu. Shi kuwa Google, talla ce babbar hanyar samun kuɗinsa.

Yanzu a zo ga ƙofar komawa. Mai amfani da Chrome na yau da kullum ba zai samu maɓallin dakatar da sabuntawa a cikin saitunansa ba, ba kuma zai samu na komawa zubin jiya ba. Amma Google ya tanadar wa masu kula da kwamfutocin manyan ma'aikatu dokar da za su kafa su tsayar da Chrome a kan zubin da suka ga dama, da wata da za ta mayar da shi baya. Akwai ma wani layi na musamman da ke sabuntawa duk mako 8 domin su. A kan Windows, waɗannan dokoki suna aiki ne a na'urar da ke ƙarƙashin kulawar wata ma'aikata. Ma'ana, kamfanin ya yarda da bakinsa cewa sabon zubi na iya karya aiki, ya kuma yi maganin hakan, sannan ya ajiye maganin a inda banki da kamfanin mai za su miƙa hannu su ɗauka. Mai kwamfuta uku da firinta ɗaya a Tsafe, wanda karyewar aiki ta fi yi wa illa, shi aka bari da addu'a.

A wannan giɓi ne wata mummunar al'ada ta yi saiwa, kuma a nan masu gyara na gida suna da nasu kason laifi. Da an kawo kwamfuta, kafin a gama bayani, hukunci ya fito: sai an yi mata fomat. A share faifan gaba ɗaya, a zuba sabuwar Windows, galibi ta sata, a karɓi kuɗi, a sallami mutum. Garin neman gira ke nan a rasa ido. Matsalar da ke cikin folda guda ta cinye takardun shekaru: jerin sunayen ɗalibai, hotunan fasfo, kundin binciken wani da bai da kwafi a ko'ina. Ga wanda ya ɗauko na'urar daga Tsafe, ya biyo hanyar Funtuwa zuwa Gusau da kowa ya san halin da take ciki, asarar ta ninka, domin ya sayar da ransa a kan titi ne don a goge masa dukiya.

Alhali mafi yawan abin da sabon zubi ke jawowa ba ya buƙatar haka. Allon da ya yi fari ko baƙi sau da yawa rigima ce tsakanin sabuwar burauza da tsohon direban katin hoto, kuma kashe saitin da ke sa burauza ta jingina da katin yana kwantar da ita. Idan wata ƙaramar manhaja da aka liƙa wa burauzar ce ta ƙi jituwa da sabon zubi, buɗe tagar sirri zai nuna, tunda a can ba sa tashi sai an ba su izini. Idan kuma kayan mutum ne suka ɓace, da wuya a ce sun ɓace da gaske. Chrome na ajiye su a wata folda mai suna User Data a cikin AppData, Firefox kuma tun daga zubi na 67, a 2019, idan ta ga an buɗe ta da zubin da ya girmi bayanan, sai ta nemi a buɗe sabon kundi ta bar tsohon a inda yake. Rubuta about:profiles a gurbin adireshi zai nuna shi. Ko da an yi mata wankan da take kira Refresh, tana ajiye tsofaffin bayanan a kan fuskar allo. Windows ma tana da hanyar mayar da manhajoji yadda suke a wata rana da ta wuce ba tare da ta taɓa takardu ba, in dai an kunna ta tun kafin ɓacin rana.

Akwai abu ɗaya da ya kamata a rubuta a bangon kowane shagon gyara. Kalmomin sirrin da Chrome ke adanawa a kulle suke da mabuɗin da ke ɗaure da asusun Windows na wannan na'ura. Idan aka yi fomat, mabuɗin ya tafi, kuma kwafe foldar zuwa filas ba zai buɗe su ba. Sai dai a fitar da su tun da wuri, ko a ce an haɗa burauzar da asusun Google. Na Firefox sun fi sauƙin ƙaura, muddin aka ɗauki fayil biyu tare, logins.json da key4.db. (Ko ya dace tun farko burauzar shago ta riƙe kalmomin sirrin kwastomomi, wannan wata shari'a ce, kuma amsarta a'a.)

Kada a ɗauka Mozilla waliyyi ne. A farkon Mayun 2019 wata takardar shaida tasa ta ƙare wa'adi ba tare da an sabunta ta ba, dare ɗaya ƙarin manhajojin Firefox suka mutu a duniya. Sai dai ya yi abu guda da ya cancanci a yaba: zubinsa mai dogon zango, ESR, wanda ke karɓar facin tsaro amma fasalinsa ba ya sauyawa sai kusan shekara-shekara, a buɗe yake ga kowa, ba sai ma'aikata ba. Zubi na 115 na wannan layi ya ci gaba da kula da masu Windows 7 bayan Chrome ya juya musu baya. Wannan kaɗai ya isa shaida cewa raba tsaro da sauyin fasali abu ne mai yiwuwa.

Kamfanonin nan kuma suna jin magana idan mai faɗin ta yana da sanda. Da ƙarshen Windows 10 ya matso, ƙungiyoyin kare masu saye a Turai suka matsa, Microsoft ya sassauta sharuɗɗan samun ƙarin shekara guda ta facin tsaro kyauta ga mazauna yankin. Nijeriya ba ta rasa sanda ba. A Yulin 2024 hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta ci tarar Meta dala miliyan 220. Hukumar da ta iya wannan za ta iya tambayar dalilin da ya sa maɓallin komawa baya ya zama gatan manyan ma'aikatu. NITDA kuma za ta iya wajabta wa duk shafin gwamnati da talaka ba shi da makawa sai ya bi ta kansa, na jarrabawa ne ko na biyan kuɗi ko na ɗaukar aiki, ya yi aiki a kan burauza mai dogon zango da na'ura mai ƙaramin ƙarfi, a kuma gwada shi a kan irin sabis ɗin Bungudu kafin a ƙaddamar da shi a Abuja.

A matakin jiha abin bai kai haka tsada ba. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda da ta Abdu Gusau da ke Talatar Mafara suna yaye ɗaliban kwamfuta kowace shekara. Bita ta yini biyu ga masu shaguna da masu gyara, da Hausa, a kan kwafe foldar burauza, kunna wurin komawa na Windows, da ajiye burauza ta biyu a kowace na'ura, ba za ta ci kuɗin kwamfuta goma ba.