Amurka: wa za ya biya bashin Tulsa?

Ran 12 ga watan Yuni na shekara ta 2024, babbar kotun jihar Oklahoma ta ƙasar Amurka ta kori ƙarar wasu tsoffin mata biyu baƙar fata, Viola Fletcher da Lessie Randle. Kowace daga cikinsu ta wuce shekara 100 da haifuwa. Sun kai ƙarar hukumar birnin Tulsa ne bisa ƙone unguwarsu da aka yi tun suna ƴan yara. Alƙalai sun yarda kukansu na da tushe, amma sun ce dokar da suka dogara gare ta ba ta shafi irin wannan magana ba.

Wannan shari'a ta taɓa wata tsohuwar gardama ta Amurka. Lissafin babban bankin ƙasar na 2022 ya nuna dukiyar gidan farar fata na tsaka-tsaki ta kai dala 285.000, ta gidan baƙar fata kuwa dala 44.900. Wasu na cewa wannan rata gadon bauta ce da wariyar launin fata. Wasu na cewa an hana bauta tun 1865, an soke dokokin wariya cikin 1964, saboda haka kowa ya tashi ya nemi na kansa, ya bar kuka da tarihi.

Masu magana ta biyu ba duka farar fata ba ne. Booker Washington, wanda aka haifa cikin bauta, ya rasu cikin 1915, ya yi ta horon ƴan uwansa da su koyi sana'a, su yi tattali, su sayi fili. Cikin 2008 Barack Obama ya tsaya wani coci na Chicago ya tsawata wa iyaye maza masu gudu su bar ƴaƴansu. Maganar tana da gaskiya: ba wata diyya da za ta kai yaro makaranta in ubansa bai kula ba.

To, mutanen unguwar Greenwood ta Tulsa sun bi wannan horo sau da ƙafa. Da yake doka ta ware su, kuɗinsu ya riƙa juyawa tsakaninsu. Sun gina kantuna, da makarantu, da asibiti, da gidajen silima, suna buga jaridu biyu. Wani attajiri mai suna J. B. Stradford ya gina otal mai ɗaki 54. Ran 31 ga Mayu 1921 aka kama wani saurayi baƙi mai goge takalma, ana tuhumarsa da taɓa wata budurwa farar fata. Daga baya an janye tuhumar. Gungun farar fata suka taru ƙofar gidan shari'a inda aka tsare shi, baƙaƙe suka zo da bindigogi don kada a kashe shi, harbi ya tashi. Kafin faɗuwar ranar 1 ga Yuni an ƙone gidaje fiye da 1.200, mutum wajen 10.000 sun rasa wurin kwana. Masana tarihi na ƙiyasta waɗanda suka mutu tsakanin 100 da 300. Ƴan sandan birnin da kansu suka naɗa wasu daga cikin maharan mataimaka, suka ba su makamai.

Abin da ya biyo baya ya fi wutar nuna inda alhaki yake. Kamfanonin inshora suka ƙi biya, wai yarjejeniyarsu ba ta haɗa da tarzoma ba. Masu binciken shari'a suka ɗora laifi bisa baƙaƙe. Stradford ya gudu ya mutu a Chicago, ba a wanke sunansa ba sai cikin 1996. Hukumar birni ta kafa dokar gini mai tsanani don kada masu fili su iya sake ɗora bulo. Wani lauya baƙi, B. C. Franklin, wanda ofishinsa ya ƙone, ya yi aiki cikin tanti har kotu ta rushe dokar. Mutane suka sake gina unguwar da guminsu, ta kuma bunƙasa cikin shekarun 1940. Ƙarshen shekarun 1960 sai aka ratsa babbar hanyar mota ta tsakiyarta, aka rushe da yawa daga cikin abin da ya rage.

Ke nan ba a iya cewa waɗannan mutane ragwaye ne. Sun yi aiki sau biyu, an amshe sau biyu. Manomi ya san bambancin wanda ya gaji gona da wanda kullum sai ya yi aro: su biyu na iya tashi da asuba, rumbunsu ba za ya zama ɗaya ba. Gida da kanti su ne gonar ɗan birni. Da su ake jingina ga banki, da su ake biya wa yaro karatu, su ne ake bar wa jikoki. Wanda ke neman saurayin Greenwood ya ɗauki alhakin aikinsa, ya kamata ya nemi hukumar da ta raba makamai ta ɗauki nata.

Nan ne magana ta tsaya. Kwamitin da jihar ta kafa ya ba da shawarar a biya diyya tun 2001, majalisa ba ta biya ba. Wata ƙara da aka shigar cikin 2003 an kore ta, wai lokaci ya wuce, alhali cikin 1921 ba kotun da za ta saurari baƙi bisa irin wannan kuka. Cikin Janairu 2025 ma'aikatar shari'a ta ƙasa ta bayyana cewa hari ne shiryayye irin na soja, sai dai ba sauran mai laifi da ke raye.

Ran 1 ga Yuni 2025, Monroe Nichols, baƙar fata na farko da ya zama magajin garin Tulsa, ya sanar da asusu na dala miliyan 105. An ware miliyan 24 don taimaka wa jikokin mutanen Greenwood su samu gidaje, miliyan 60 don gyaran gine-ginen unguwar, sauran don fili, da karatu, da ƙananan sana'o'i. Asusun mai zaman kansa ne, an tsara a nemi mafi yawan kuɗin daga masu ba da gudummawa, kuma ba a tanadi miƙa kuɗi hannu da hannu ga kowa ba, har da tsoffin matan nan biyu.