Ba Kowane Gumi Ne Ke Rage Sukari Ba

A ƙasar Mada da maƙwabtanta, tun daga Gusau har Tsafe da Bungudu, an daina ce wa ciwon sukari ciwon attajirai. Manomi na da shi, mai awo a kasuwa na da shi, tsohuwa a tsakar gida na da shi. Zamani ya sāke. Babur ya karɓi tafiyar ƙafa, inji ya karɓi dutsen niƙa, tsoron 'yan bindiga kuwa ya raba mutane da yawa da gonakinsu na nesa. Wanda duk ya je asibiti, likita zai ce masa ya riƙa motsa jiki. Wannan gaskiya ce, amma a ganinmu maganar ba ta cika ba sai an gaya wa mutum irin motsin da ake nufi.

Abincin da muka ci, tuwo ne ko fura ko shinkafa, yakan zama sukari cikin jini. Sinadarin da a ke kira insulin, wanda a ka gano a Toronto ta ƙasar Kanada cikin 1921, shi ne ke shigar da sukarin nan cikin tsoka. Mai wannan ciwo, ko dai insulin ɗinsa ya yi kaɗan, ko kuwa jikinsa ba ya jin sa. Amma tsokar da ke aiki takan zuƙi sukari da kanta, kana ta ƙara jin insulin har tsawon yini guda ko fiye.

Motsi na fari shi ne mai sauƙi mai daɗewa, watau tafiya da sauri, da tuƙa keke, da shara, da surfe. Wannan yakan saukar da sukari sannu a hankali, ya fi kuma amfani bayan cin abinci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu aƙalla minti 150 a mako, watau kamar minti 30 cikin kwana 5.

Na biyu shi ne aikin ƙarfi, kamar jan guga, da faskare, da ɗaukar kaya daidai ƙarfin mutum. Shi ba ya saukar da sukari da sauri kamar tafiya, amma yana gina tsoka, ita kuwa tsoka rumbun sukari ce. An so a yi shi kwana 2 a mako.

Na uku shi ne mai tsanani na ɗan lokaci, kamar tsere, da kokawa, da dambe, da gudun ƙwallo. A nan jiki kan ɗauka an shiga haɗari, sai hanta ta kwararo sukarin da ta ɓoye. Saboda haka matashi ya gama wasa, ya auna, ya ga sukari ya hau, hankalinsa ya tashi. Kada ya yi gaggawar ƙara allura ba da shawarar likita ba, gama hawan nan ba ya daɗewa, wani lokaci ma faɗuwa ce ke biyo baya cikin dare.

Inda muka fi jin tsoro shi ne gona. Mai allurar insulin, ko mai shan ƙwayar glibenclamide, in ya wuni duƙe da fartanya ba karin kumallo, sukarinsa na iya faɗuwa ƙasa da 70 a na'urar awo. Alamunsa su ne rawar jiki, da gumi mai sanyi, da jiri, da ruɗewar magana. Sai ya sha babban cokali 1 na sukari cikin ruwa, ya huta minti 15, in bai warware ba ya ƙara. In ya suma, kada a ɗura masa kome, kada kuma a ce iska ce ta buge shi. A yi asibiti da shi maza. Haka kuma wanda awonsa ya haura 250, ga amai ga kasala, ba motsa jiki ya ke bukata ba, likita ya ke bukata. Kada kuma mai wannan ciwo ya fita ba takalmi, domin ƙayar da bai ji shigarta ba ta isa ta zama gyambon da za a yanke ƙafa.

To, ina mafita? Asibitin Tarayya da na Yariman Bakura duk suna Gusau, ba kuwa kullum ne mutumin ƙauye ke iya kama hanya ba. Muna roƙon Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Zamfara ta tabbata kowane ƙaramin asibiti yana da na'urar awo da kayan aikinta, ta kuma koya wa ma'aikata yin wannan bayani da Hausa. Hakimai da limamai su taya da gargaɗi. Magidanta su bar iyalinsu su riƙa zagaya tsakar gida bayan tuwon dare, ko na minti 10 ne.

Mai ciwo kuma ya fara da kaɗan, kada ya bar maganinsa, ya riƙe sukari a aljihu duk inda za shi. Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.