Tunawa Da Ke Zama Toka

Akwai wata taba da ba a sayar da ita a teburin mai shayi. Ganye ne zalla da aka naɗe da hannu, mai kaurin babban yatsa, ana ajiye shi cikin akwatin katako mai riƙe danshi kamar wata dukiyar gādo. Mafi shahara a cikinta ita ce Cohiba ta ƙasar Kyuba, wadda aka fara yi a 1966 domin Fidel Castro da manyan baƙinsa. Da ta cika shekara 40 a 2006, aka fitar da wata ta musamman mai suna Behike: kara 4,000 kacal, cikin akwati 100, kowane kara a kan fiye da dala 400. A lokacin nan albashin ma'aikacin gwamnati a Kyuba bai kai dala 30 a wata ba. A 2016 kuma aka yi ta cika shekara 50, akwati 50, kowanne da kara 50.

Za ka ce, ina ruwan mai bi da wannan? Da ruwansa, gama ɗabi'ar masu kuɗin duniya ba ta tsayawa inda aka haife ta. Wanda Allah ya buɗa wa hanya, yana tafiye-tafiye, yana zama da manya, wata rana za a miƙa masa irin wannan kara a ce, yau ranar murna ce, sau ɗaya ne kawai. Kafin ranar ta zo maka, ina so ka san abin da ake sayar maka.

Da gangan aka ƙayyade adadinta. Ƙasar Pinar del Rio ba ta daina ba da ganye ba, masu naɗi kuma ba su mutu ba. An rage ta ne domin mai saye ya ji yana riƙe da abin da maƙwabcinsa ba zai samu ba. Cire wannan jin daɗin, me ya rage? Ganye da wuta. Girman kai ke nan aka naɗe aka sa masa zobe na zinariya, kuma ka san inda Littafi Mai Tsarki ya ce girman kai yana kai mutum.

Masu kare ta sukan ce ba kamar sigari ba ce, tun da ba a zuƙar hayaƙin zuwa huhu. Likitoci sun amsa wannan tuntuni. Babban kara ɗaya yana iya ɗaukar taba daidai da kwalin sigari guda, hayaƙin da aka riƙe a baki kuwa yana jawo ciwon daji na baki da maƙogwaro. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba tana kashe fiye da mutum miliyan 7 kowace shekara. Castro kansa, wanda aka ƙirƙiro Cohiba dominsa, ya daina sha a 1985. In mai tuwo ya ture akushinsa, baƙo sai ya yi hattara.

Waɗansu kuma, masu karatu, za su kawo maka sunan Charles Spurgeon, babban mai wa'azi na Landan, wanda ya sha irin wannan taba, har ya kāre shanta a fili a 1874. Gaskiya ne, ba kuwa zan rage masa daraja ba. Amma Spurgeon ya rasu a 1892, binciken da ya tabbatar da alaƙar taba da ciwon dajin huhu kuwa sai a 1950 ya fito. Bawan Allah ya yi tafiya da hasken da aka ba shi. Kai an ƙara maka haske, za a kuma tambaye ka a kan naka. Manzo Bulus, a wasiƙarsa ta fari zuwa ga Korintiyawa sura 6, ya nuna cewa jikin mai bi mazaunin Ruhu Mai Tsarki ne, saye ne da jini. Ɗan haya ba ya hura wuta a ɗakin da ba nasa ba.

Abin da ya fi damuna shi ne kalmar tunawa da aka liƙa wa wannan ciniki. Dubi yadda Allah ya koya wa jama'arsa tuna alherinsa. Da Isra'ila suka haye Urdun, Joshuwa ya kafa duwatsu 12 a Gilgal, domin 'ya'ya su gani su yi tambaya, iyaye su ba da labarin ceto. A Littafin Firistoci sura 25, shekara ta 50 ita ce shekarar 'yanci: bawa ya koma gidansu, gonar da talauci ya sa aka sayar ta koma hannun mai ita. Ubangijinmu Yesu kuma ya bar mana gurasa da ƙoƙo, abin da matalauci da mawadaci suke ci a teburi ɗaya. Kowace tunawa a cikin waɗannan tana barin wani abu a hannun wani. Bikin shekara 50 na Allah yana sakin bayi. Na masu taba kuwa yana cika akwati 50 domin attajirai, bayan sa'a ɗaya ko biyu kowane kara ya zama toka a faranti.

Kalmar Ibrananci da Mai-Wa'azi ya yi ta maimaitawa, wadda muke fassarawa banza, asalinta tururi ne ko numfashi, abin da ido ke gani hannu ba ya kamawa. Da wuya a sami hoton da ya fi wannan dacewa da mutumin da ya biya albashin shekara na wani domin ya busa shi sama.

Ba na hana ka murna. In aurenka ya cika shekara 25, ko kasuwancinka ya kai 40, yi biki, yanka rago, kira maƙwabta. Sa'an nan ka kafa naka dutse: biya wa maraya kuɗin makaranta, yafe wa wanda kake bi bashi, gyara rufin gwauruwa kafin damina. Jikokinka za su tarar da waɗannan su tambayi dalili, a ba su labarin amincin Allah.

Ubangiji ya ba mu hikimar ƙidaya kwanakinmu, ya sa abin da ke tashi daga bakinmu zuwa sama ya zama addu'a da godiya. Amin.